Lafiya Uwar Jiki: Ƙarfin Man Goge Baki da Gyaran Haƙori a Ƙauyukan Jazira da Shuɗin Nilu

A wannan fitowa za mu leƙa wajen danginmu Hausawa mazauna ƙasar Sudan, musamman na ƙauyukan Jazira da na bakin kogin Shuɗin Nilu, domin mu tattauna wani al'amari da ake gani ƙarami amma yana hana mutum barci idan ya taso, wato lafiyar haƙori. Tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa ita ce: shin man goge baki yana iya gyara haƙorin da ya fara lalacewa, kuma idan yana iyawa, wane irin mai ne, mai wane ƙarfi? Amsar ta shafi kowane gida daga Maraɗi har Damazin, sai dai a wancan yanki tana da nauyi na musamman saboda dalilan da za mu bayyana.

Danginmu na gabas

Tarihin zaman Hausawa a Sudan ya samo asali ne daga hanyar aikin hajji, wadda kakanninmu suka riƙa bi a ƙafa da bisa dabbobi shekaru aru-aru. Bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasa ransa, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'ar da ta rage, har suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, wajen shekarar 1906. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe babban aikin noman rani na Jazira, sai bukatar ma'aikata ta jawo ƙarin mutanenmu, suka zauna a ƙauyuka da sansanonin manoma, suna noman auduga da dawa da gyaɗa, wasu kuma suna kamun kifi da lambu a gaɓar kogi.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya isa birnin Wad Madani a watan Disamba na wannan shekara, kuma sai a Janairu na 2025 sojojin gwamnati suka koma cikinsa. A tsakanin haka asibitoci da ɗakunan shan magani da yawa sun lalace ko an kwashe kayansu, ma'aikatan lafiya kuma sun watse. Likitan haƙori tun da can abin nema ne a birni, ba a ƙauye ba. Saboda haka a wurin da cire ruɓaɓɓen haƙori yake bukatar doguwar tafiya da kuɗin mota da na magani, sanin yadda za a tsare haƙorin tun bai huje ba dukiya ne babba. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.

Yadda haƙori ke zubewa, da yadda yake farfaɗowa

Farin ɓawon da ya rufe haƙori, wanda za mu kira sulken haƙori, shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam. Kimanin kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne, galibi kalsiyam da fosfet waɗanda suka haɗu suka zama ƙananan duwatsu jere da juna. Babu jini a cikinsa, babu kuma ƙwayoyin halitta masu rai, shi ya sa idan ya fashe ba ya tsirowa kamar yadda fata take haɗewa ko ƙashi yake ɗoruwa.

A kan wannan sulke akwai wata dauɗa mai yauƙi da take taruwa kullum, cike da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Abincinsu sukari ne da dangoginsa, abin da suke fitarwa kuwa tsami ne. Masana suna auna tsami da wani ma'auni da ake kira pH, inda lamba 7 take tsakiya, kuma duk lokacin da lambar ta yi ƙasa tsamin ya ƙaru ke nan. A shekarun 1940 wani likitan haƙori Ba'amurke mai suna Robert Stephan ya nuna cewa mintoci kaɗan bayan an kurkure baki da ruwan sukari ma'aunin yakan faɗi warwas a cikin wannan dauɗa, kuma yakan ɗauki rabin awa zuwa awa guda kafin ya dawo daidai. Da zarar ya sauka ƙasa da kimanin 5.5, sai ma'adinin sulken ya fara narkewa yana fita.

To, a nan ne rahamar miyau take bayyana. Miyau yana wanke tsamin, kuma yana ɗauke da kalsiyam da fosfet waɗanda suke komawa cikin gurbin da ya narke. Ashe ke nan kowace rana haƙori yana cikin ciniki biyu, asara da riba. Idan asarar ta rinjayi ribar na tsawon watanni, alama ta farko ita ce wani farin tabo kamar alli, yawanci a gindin haƙori kusa da dasashi. A wannan mataki saman sulken yana nan bai rushe ba, ƙarƙashinsa ne ya yi laushi, kuma ana iya mayar da shi. Idan kuwa aka yi sakaci saman ya burme ya zama kogo, babu man da zai cike shi, sai aikin likita. Abin da jama'a suke kira tsutsar haƙori shi ne wannan kogo, babu wata tsutsa a ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Aikin sinadarin fuloraid shi ne ya karkata wannan ciniki wajen riba. Idan yana nan a cikin miyau, ko da ɗan kaɗan ne, yakan hanzarta komawar ma'adini cikin sulken, kuma sabon dutsen da aka gina da shi ya fi jure tsami, domin ba ya narkewa sai ma'aunin ya sauka wajen 4.5. A dā an ɗauka sai an haɗiye shi yake amfani, amma binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa mafi yawan amfaninsa yana samuwa ne idan ya taɓa haƙorin ta waje, a kai a kai.

Yadda ake gwada ƙarfin mai

Ana auna yawan fuloraid a cikin mai da haruffan ppm, ma'anarsu kashi nawa cikin miliyan. Man da aka rubuta masa 1000 ppm yana da miligiram ɗaya na fuloraid a cikin kowane giram. Masana ba su amince da maganar masu talla haka kawai ba, sai da suka bi matakai uku na gwaji.

Mataki na farko a ɗakin bincike ake yin sa. Akan samo haƙoran da aka cire wa mutane, ko haƙoran shanu tun da sulkensu ya yi kama da namu, a yanka su ƙanana a goge su sumul, sannan a jiƙa su cikin ruwa mai tsami har sai farin tabo ya fito kamar yadda yake fitowa a baki. Daga nan a auna taurinsu ta hanyar danna musu tsinin lu'ulu'u da nauyi sananne, a duba girman ramin da ya bari da madubin ƙara girma. Sai a raba su rukuni-rukuni: wannan a riƙa wanke shi da man da babu fuloraid ko kaɗan, wancan da mai ɗari biyar, wani da mai dubu da ɗari, wani da mai dubu biyar. Kowace rana a sa su cikin tsami na wasu awoyi a madadin cin abinci, a shafa musu man na minti ɗaya ko biyu, sauran lokacin kuma su kwana cikin ruwan da aka haɗa shi kamar miyau. Wannan dabara ta kai da komo tsakanin tsami da miyau, masana biyu na ƙasar Holan, ten Cate da Duijsters, suka bayyana ta a 1982. Bayan mako biyu ko makamancin haka a sake aunawa. Abin da ake gani a irin waɗannan gwaje-gwaje shi ne, gwargwadon ƙaruwar fuloraid gwargwadon taurin da ya dawo, kuma rukunin da bai sami komai ba shi ne a baya.

Mataki na biyu shi ne a ɗauki irin waɗannan gutsattsarin haƙori a liƙa su jikin wata ƴar roba da mutum zai sa a bakinsa na wasu makonni, yana ci yana sha yana goge baki da man da aka ba shi, domin a ga abin da miyau na gaskiya da abinci na gaskiya za su yi. Mataki na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne a raba man ga dubban ƴan makaranta ba tare da sun san wanda aka ba kowa ba, a bi su shekara biyu ko uku ana ƙirga haƙoran da suka ruɓe.

A 1988 aka buga sakamakon wani gwaji na shekara uku da aka yi da yaran makaranta a Sukotlan, inda aka gwama mai 1000 da mai 1500 da mai 2500. An ga cewa kowane ƙarin 500 yana rage ruɓewa da kimanin kashi 6 cikin ɗari. A 2003 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara bincike daga ko'ina ta tace shi, ta haɗa gwaje-gwaje 70 da suka ƙunshi yara fiye da dubu 42, ta sami cewa man da ke da fuloraid yana rage ruɓewar haƙori da kimanin kashi 24 cikin ɗari idan aka gwama shi da wanda babu. A 2019 ƙungiyar ta sake duba gwaje-gwaje 96 da aka buga tsakanin 1955 da 2014, ta tabbatar da amfanin mai 1000 zuwa sama, ta ga mai 1450 zuwa 1500 ya ɗan ɗara mai 1000, amma ba ta sami gamsasshiyar hujja ba game da mai rauni irin na ɗari biyar. A kan haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fuloraid 1000 zuwa 1500 cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba, a shekarar 2021.

Akwai kuma mai ƙarfin 2800 da 5000, waɗanda likita ne kaɗai yake rubuta su. Wani gwaji da aka buga a 2001 a kan manya masu ruɓewar saiwar haƙori ya nuna cewa bayan wata shida, fiye da rabin waɗanda suka yi amfani da mai 5000 sun sami wurin da ya yi laushi ya sake tauri, alhali a rukunin mai 1100 ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Irin wannan mai na dattawa ne da masu bushewar baki da waɗanda haƙoransu ke yawan ruɓewa. Ba a ba yara ƙanana.

Malaman makaranta suna iya nuna wa ɗalibai misalin wannan da ƙwai. A shafe rabin ɓawon ƙwai da mai mai fuloraid, a bar shi kwana huɗu ko biyar, a wanke, sannan a tsoma ƙwan cikin ruwan khal. Za a ga kumfa ya fi saurin taruwa a gefen da ba a shafa ba, alamar tsami ya fi cin sa. Ɓawon ƙwai ba irin ma'adinin haƙori ba ne sak, don haka wannan misali ne na jawo hankali kawai, amma yaro ba ya manta abin da ya gani da idonsa.

Gishiri a miya

Duk wanda ya san Sudan zai ce, to ai a wasu ƙauyukanmu fuloraid ɗin ne ma yake ɓata haƙora. Wannan magana gaskiya ce, kuma ta nan aka fara gano tasirin sinadarin a kan haƙori. A 1901 wani likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya tarar da mutanen wani gari a jihar Kolorado ta Amurka da haƙora masu tabo ruwan ƙasa, waɗanda kuma ba su cika ruɓewa ba. Sai a 1931 aka gano cewa yawan fuloraid a ruwan shansu ne sanadi. Lamarinsa kamar na gishiri a miya ne: kaɗan ya gyara, da yawa ya ɓata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa haddi cewa kada ruwan sha ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita. Ruwan kogin Nilu yana ƙasa da wannan haddi sosai, amma ruwan rijiyoyi masu zurfi yakan bambanta daga wuri zuwa wuri gwargwadon duwatsun da ya ratsa. A 1995 masana daga Jami'ar Khartum da Jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe suka buga binciken da suka yi a ƙauyuka biyu na Sudan, Tiraitul Bija mai 0.25 a lita da Abu Gurun mai 2.56. A Abu Gurun duk yaran da aka duba suna da alamar tabon fuloraid. Abin mamaki, a ɗaya ƙauyen ma, wanda ruwansa yake da ƙaranci, kusan tara cikin goma suna da alamar, ko da yake mai sauƙi ce. Darasin da ke ciki shi ne, a ƙasa mai zafi mutum yana shan ruwa da yawa, don haka abin da yake shiga cikinsa ya fi na mutumin ƙasar sanyi ko da ruwansu iri ɗaya ne. Ganyen shayi ma yana ɗauke da nasa fuloraid.

Mu a nan yamma ba baƙin wannan musiba ba ne. A garin Tibiri na Gobir, kusa da Maraɗi, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 ya ninka haddin nan fiye da sau uku, aka yi shekaru ana sha ba a sani ba, har ɗaruruwan yara suka sami lanƙwashewar ƙasusuwa ban da lalacewar haƙora. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan haka a 2002. Duk wanda ya ga waɗannan yara ba zai raina batun auna ruwan rijiya ba.

Shin wannan yana nufin mutanen ƙauyen da ruwansu ke da fuloraid su guji man goge baki? Mu yi lissafi. Man da ya kai girman ƙwayar wake ƙarama nauyinsa kamar rubu'in giram ne, wato idan mai 1000 ne yana ɗauke da miligiram 0.25, kuma mafi yawansa tofarwa ake yi. Lita ɗaya ta ruwa irin na Abu Gurun tana ɗauke da 2.56, ninki goma ke nan, kuma dukkansa ciki yake tafiya. A irin wannan wuri ruwan ne abin gyarawa. Bugu da ƙari, tabon fuloraid yana kama haƙori ne lokacin da yake ginuwa a cikin dasashi, daga haihuwa zuwa wajen shekara takwas. Wanda ya wuce waɗannan shekaru man goge baki ba zai sa masa tabo ba. Kulawar tana wajen ƙananan yara masu haɗiye mai saboda zaƙinsa.

Ya kamata kuma a rarrabe tabo da tabo. Jan goro da na shayi da na tumbak a saman haƙori suke, kuma suna fita da kankarewa. Na fuloraid a cikin jikin sulken yake, yana zuwa a haƙoran dama da hagu daidai wa daida, kuma za a gan shi a bakin yawancin yaran da suka taso suna shan rijiya ɗaya. Idan mai unguwa ko limami ya lura da haka a ƙauyensa, hakkinsa ne ya nemi hukumar ruwa ko ƙungiyoyin agaji su auna rijiyar. Tafasa ruwa ba ya cire fuloraid, hasali ma yana ƙara masa kauri tun da ruwan ne yake tashi ya bar shi. Tacewa da ƙyalle ko zuba maganin kulorin su ma ba sa cire shi. Mafita ita ce a sama wa yara wani ruwan mai tsabta ko a gauraya biyun. Sai dai a yi hattara, kada gudun tabon haƙori ya kai iyali ga ɗanyen ruwan magudanar gona, domin Sudan ta sha fama da annobar kwalara tun daga watan Agusta na 2024, kuma magudanan Jazira sun daɗe da suna wajen cutar tsargiya ga masu shiga cikinsu. Ruwan kogi ko na magudana sai an tace an tafasa ko an sa masa magani.

Matsayin asuwaki

Asuwaki sunna ne kuma gado ne, kuma itacen arak da ake samu a Sudan yana cikin mafi kyawunsa. Wani bincike da aka yi a Khartum aka buga a shekarar 2000 ya gwama maza masu amfani da asuwaki da masu amfani da burushi, ya sami cewa lafiyar dasashin masu asuwaki ba ta gaza ta sauran ba, a wasu wuraren ma ta ɗara. Asuwaki yana kankare dauɗa, yana motsa miyau, kuma arak yana da sinadarin da ke yaƙar wasu ƙwayoyin cuta. Abin da ya rasa shi ne isasshen fuloraid, domin ɗan abin da ke cikinsa bai kusanci na mai ba.

Masu bincike sun gwada haɗa biyun. A 2011 aka buga wani gwaji da aka yi a Saudiyya tare da Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Suwidin, inda aka jiƙa asuwaki cikin ruwan fuloraid aka ba matasa masu farin tabo a haƙora suna amfani da shi sau biyar a rana. Bayan mako shida tabonsu ya ragu fiye da na waɗanda aka ba asuwakin da ba a jiƙa ba. Wannan ya nuna babu gaba tsakanin al'adarmu da ilimin zamani. Mutum ya riƙe asuwakinsa a lokutan alwala da bayan cin abinci, ya ƙara da mai safe da dare. Wanda ba shi da kuɗin burushi yana iya ɗiga man a bakin asuwakinsa mai laushi. A watan azumi kuwa, a goge bayan sahur da kuma kafin kwanciya, an sami sau biyun ke nan ba tare da an shiga wuni ba.

Shayi da sukari

Babu man da zai yi nasara idan ana zuba wa haƙori sukari daga safe har dare. Jazira da maƙwabtanta ƙasar rake ce, an buɗe masana'antar sukari ta Junaid a 1962, ta Sinnar kuma a 1976, kuma shayi da gahawa masu zaƙi su ne abin tarbar baƙo a kowane gida. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na abincin yini, wato kamar giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga babban mutum. Wanda ya sha kofi huɗu, kowanne da cokali uku, ya cika wannan adadi da shayi kaɗai. Idan muka tuna binciken Stephan za mu gane cewa yawan lokutan ya fi yawan sukarin illa, domin kowane kofi yana jefa haƙora cikin tsami na kusan awa guda. Gara a sha shayin tare da abinci a kan a riƙa kurɓarsa a tsakani. Zoɓo da tsamiya da lemon tsami kuwa suna zuwa da nasu tsamin, don haka bayan an sha su a kurkure baki da ruwa, a dakata kamar rabin awa kafin a goge, kada a kankare sulken yana da laushi. Uwa kuma kada ta kwantar da jariri da bulumboti mai ruwan zaƙi a bakinsa.

Abin da za a duba a kasuwa

Idan magidanci ya je sayen mai, wanda a kasuwannin Sudan ake kira ma'ajun, ya juya kwalin ya nemi lambar da ke gaban haruffan ppm. Daga 1000 zuwa 1500 shi ne abin nema, kuma 1450 ya fi yawa a kasuwa. Wasu kamfanoni suna rubuta shi da kaso cikin ɗari: sodiyam fuloraid 0.22 daidai yake da 1000, 0.32 kuma daidai da 1450, shi kuwa sodiyam monofulorofosfet 0.76 daidai yake da 1000. Man da bai ambaci fuloraid ba sam, komai ƙamshinsa da hoton ganyayen da ke jikinsa, wanke baki kawai zai yi.

A duba ranar ƙarewar aiki. Wani bincike da masanan Amsterdam suka buga a 2005 a kan man da aka sayo daga kasuwannin ƙasashe masu tasowa ya gano cewa a cikin wasu, fuloraid ɗin ya riga ya haɗe da allin da ke cikin man, ya daina aiki, ko da yake an rubuta shi a kwali. Daɗewa da zafi suna ƙara wannan matsala, saboda haka man da ya yi watanni a kan tebur cikin rana abin gudu ne, a gida ma a ajiye shi a inuwa.

Game da yara, da zarar haƙorin farko ya fito a fara goge shi da ɗan shafe da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, har zuwa shekara uku. Daga uku zuwa shida a sa kamar ƙwayar wake ƙarama. Uwa ko yaya ce za ta matsa man da hannunta, ta tsaya a kan yaron har ya tofar, sannan ta ɗauke shi inda hannunsa ba zai kai ba. Kada a ce haƙoran nono ne, ai za a yi famfara. Su ne suke riƙe wa na dindindin wuri, kuma turamen farko na dindindin suna fitowa ne wajen shekara shida a can ƙurya ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, shi ya sa iyaye da yawa suke ɗaukarsu na nono har su ruɓe.

Ga kowa da kowa, a goge sau biyu a rana, minti biyu kowane lokaci, kuma na dare ya fi muhimmanci domin miyau yana raguwa a cikin barci. Bayan an gama a tofar, amma kada a kurkure da ruwa mai yawa, saboda ɗan abin da ya rage a baki shi ne zai kwana yana aikin gyara. Wannan ɗabi'a ba ta cin ko sisi, kuma a gidan da mutum goma suke raba mai ɗaya, sa kaɗan da barin kurkura zai sa ya daɗe kuma ya yi amfani.

Muna roƙon iyaye mata su riƙa ɗaga leɓen ƴaƴansu sau ɗaya a wata a cikin haske, su duba gindin haƙoran gaba na sama. Idan an ga farin layi kamar alli, lokacin gyara bai wuce ba: a rage zaƙi, a dage da gogewa. Idan ya zama kogo, ko akwai kumburi da zazzaɓi, a nemi ma'aikacin lafiya ba tare da jinkiri ba, kada a cusa ƙwayar magani ko ruwan batir a cikin ramin, domin suna ƙone nama. Waɗanda suke da dangi a Mai Wurno ko Sinja ko ƙauyukan Madani kuma suke aika musu da taimako, su isar musu da wannan bayani tare da saƙon.

Allah Ya ba Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci, Ya ƙara mana lafiya da mu da zuriyarmu.